Ranar da Aka Ɗauko Kaka daga Rara

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu a Wurno ya san wahalar wannan muƙami. Har na shekara goma sha huɗu ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Kai" yake ce mini idan abin na gaggawa ne, "wancan" idan yana ba wani labarina. Inna kuwa ta fi shi ƙwarewa. In tana son in ɗebo ruwa sai ta fuskanci randa ta ce, "Randar ga ba ruwa, kuma akwai masu ƙahwa gidan ga." Ni ne mai ƙafar. In ta zuba mini tuwo sai ta aje kwanon gindin turmi ta wuce kamar mantawa ta yi, amma in na buɗe sai in tarar da tsokar da ta fi ta kowa girma a ƙasan miya. Kunyar ɗan fari ce, haka suka gada, ba ƙiyayya ba. Ban taɓa jin haushin kunyar nan ba sai rana ɗaya, ranar da ta ci mini abin da ba a sayarwa a kasuwa.

Mutum ɗaya ke da izinin yi mini magana yadda ya ga dama, ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. A ɗakinta aka yaye ni, a ɗakinta na girma. "Mijina" take ce mini, kullum kuma da ƙorafi: ba na cefane, ba na ɗinka mata zane, na cika ci, ta gaji da auren nan. Ni kuma in ce ta tsufa, haƙoranta huɗu, zan mai da ita gidansu. Haka muke wuni. Duk abin da ba zan iya gaya wa Baba ko Inna ba, daga yagewar wando har faɗuwa jarrabawa, ta hannunta yake bi. To, a ranar da nake magana Kaka ba ta gari. Ta tafi Rara, can ƙasar Rabah, sunan jikar ƙanwarta, ta ce kwana uku za ta yi kuma kada kowa ya neme ta.

Bari in faɗi abin tun yanzu, don kewaye-kewaye shi ya cuce ni, ba zan yi muku shi ba. Ɗan marainana na hagu ne ya murɗe. Igiyar da yake rataye da ita, wadda jini ke bi ya kai masa, ita ce ta juya ta shaƙe kanta. Daga baya likita ya gaya mana cewa in haka ta faru, kamar awa shida ake da ita a kai yaro ɗakin tiyata a warware, in an wuce abin sai ya fara mutuwa. Mu a gidanmu ba wanda ya san da wannan agogo. Yana ta tafiya, mu kuma muna ta ladabi.

Lokacin ɗari ne, albasa ta fara ƙosawa a fadama. Da sassafe Baba ya tura ni in tayar da injin ban-ruwa in juya ruwa cikin fangali. Na tayar, na juya, sai shaiɗan ya nuna mini hanyar ruwan nan tana gudana fes. Baba ya hana ni wanka a ciki ya fi sau goma, ta bakin Kaka mana. Na tuɓe na faɗa. Sanyin ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa, na yi nitso biyu na fito ina rawar ɗari ina dariya ni kaɗai. Ina cikin ɗaura tazuge sai na ji kamar jaki ya harbe ni a ƙasan mara, alhali ba jaki ko ɗaya a fadamar. Na durƙusa. Kokon da na sha da safe ya dawo gaba ɗaya. Rana ba ta gama ɗagowa ba a lokacin, kamar ƙarfe bakwai da rabi.

Yadda na kai gida, Allah kaɗai ya sani. Tafiya nake ƙafafu a ware, in yi taki biyar in dafa katanga. Na tarar da Baba a zaure yana ɗinkin buhunan albasa da basilla. Ya ɗago ya gan ni, na ga idonsa ya firgita, sai ya yi maza ya mai da shi kan buhu. Na wuce ɗakin Kaka na zube a tabarma. Ina jinsa ya leƙa tsakar gida ya yi gyaran murya ya ce wa Inna, "Wancan mi yas same shi?"

Inna ta zo bakin ƙofar ɗakin, ta juya mini baya, ta tambayi igiyar shanya, "Masu nishi, mi ka yi musu ciwo?"

Na ce, "Ciki."

Kuma ba ƙarya na yi ba, ku yi mini adalci. Ciwon yana tasowa daga ƙasa ya hau har mara, ga tashin zuciya, ga gumi a cikin sanyi. Ciki yana ciwo. Sai dai ba a nan gobarar ta tashi ba, kuma na sani sarai. Amma da wane baki zan gaya wa matar da ba ta iya kallon fuskata cewa abin cikin wando yake?

Nan take gida ya kama aiki. Inna ta jiƙa kanwa da saiwar sabara ta turo ƙwaryar da ƙafa ta ƙarƙashin labule. Na sha, na amayar. Baba ya sa hula ya tafi kemis ya ce akwai wani yaro a gidansa mai ciwon ciki, aka ba shi maganin tsutsa da wani farin ruwa a kwalba. Mai kemis ba shi da laifi, abin da aka gaya masa ya yi wa magani. Na sha wannan ma, ya bi sahun kanwa. Baffa, ƙanin Baba, wanda da yana nan da shi zai shigo ya duba ni ba wata kunya, ya tafi Goronyo lodin albasa da a-kori-kurarsa tun asuba. Kamar an shirya ranar ne musamman don a gwada mu.

Da ɗakin ya yi tsit na sassauta wando na leƙa. Na yi nadamar leƙen. Gefen hagu ya kumbura ya yi ja, ɗan ya haye sama kusa da jiki ya kwanta a gicciye, ba yadda na san shi ba. Ko iska ta taɓa shi sai in ga taurari. Na ja zanen Kaka na rufa har kai na fara lissafin zunubaina. Na yanke hukunci cewa wankan nan ne, ko dai alhakin Baba, ko kuma na taka wani aljani mai gidan ruwa. Wannan ya ƙara rufe mini baki, don in na faɗi inda ke ciwo za a tambayi yadda aka yi, daga nan a kai ga wanka.

Ta ƙasan labule ina ganin ƙafafun Baba. Su zo bakin ƙofa su tsaya, yatsu su motsa cikin takalmi, su juya su koma zaure. Ba a jima ba su dawo. Tsakaninsa da ni bai fi kamu shida ba, ba kuma abin da ya raba mu sai tsohon labulen atamfa mai huji biyu. Na ƙirga zuwansa har sau tara.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya dabara ta zo masa. Lokacin wayar hannu ta fara shigowa ke nan, shi ma ya sayi tasa, yana aje ta cikin leda don kada ta yi datti. Akwai wani malamin makaranta a Rara, dangin masu sunan, da ke da waya, amma sai ya hau tudun bayan gari take kamawa. Aka kira ya fi sau biyar kafin ta shiga. Aka ce ya je ya kawo Kaka kan tudun. Ku tuna, tsohuwa ce da aka ɗauko daga tsakiyar rabon shinkafar suna. Da ta iso, Baba ya danna abin ƙara murya, ya zuro hannunsa kaɗai ta gefen labule, wayar na tafinsa, shi da sauran jikinsa suna waje.

Kaka ba ta yarda waya na kai magana ba sai an taimaka mata, don haka ihu take yi. "Mijina, an ce kana mutuwa. Kada ka kuskura, ban shirya takaba ba. Mi ka yi ma ciwo?"

Na dubi hannun Baba. Na san Inna na bayan ƙofa, na san matan maƙwabta sun fara taruwa, na kuma san rabin matan Rara sun biyo Kaka kan tudu don ganin yadda ake magana da Wurno. Na ce, "Ciki, Kaka."

Kaka ta san muryata ta ciwon ciki, don na sha yi mata ita ranar da ba na son zuwa makaranta. Ta ce, "Ba ni ubanka." Hannun ya janye. Ina jinta daga zaure tana cewa, "Wanga ba muryar ciki ba ce. Ka shiga ka duba shi."

Baba ya ce, "Inna, ai kin sani."

"Na san mi?"

Ta ja tsakin da sai da wayar ta yi ƙara, ta ce, "To turo min ɗan kabu-kabu, tunda ni kaɗai ke da ido cikin zuri'ar ga."

Abin da aka yi ke nan. Mutum mai hankali, mai gona, wanda ake kira sasanta rigimar iyaka, ya gwammace ya tura babur wata ƙaramar hukuma ya ɗauko tsohuwa, da ya ɗaga labule ya ce wa ɗansa "nuna mini". Yau in na tuna ina dariya har in yi hawaye, amma akwai ɗaci a ƙasan dariyar. Zuwa Rara da dawowa, ga rairayi, ga jiran Kaka ta yi sallama da kowa ɗaya bayan ɗaya, ya ci awa uku. Aka kira azahar ina kwance. Wani abu kuma da ya ƙara yaudararmu, wajen nan ciwon ya ɗan lafa, har Inna ta gaya wa turmi cewa kanwa ta fara aiki. Ashe ba sauƙi ba ne, abin ne ya fara gajiya.

Bayan azahar muka ji ƙarar babur da muryar Kaka a kansa tana yi wa ɗan kabu-kabu faɗa, wai ya zubar mata da miya. Ta sauko a karkace, ƙullin naman suna a hannu ɗaya, kwano a ɗaya, gyale ya koma wuya. Ba ta gai da kowa ba. Ta banke labule ta shigo ta tsaya a kaina.

"Wa yat taɓa min miji?"

Ta dubi yadda na kwanta, gwiwa ɗaya gabas ɗaya yamma. Ta ce, "Ciki ba ya sa namiji ya kwanta haka. Kwance tazuge."

Na ce, "Haba Kaka."

"Haba mi? Ni na wanke abin ga shekara uku da hannuna, yau za ka ɓoye min kayana? Kwance ko in kwance."

Na rufe ido na kwance. Ina jiran ta yi mini tsiya irin tata, amma ba ta yi ba. Na buɗe ido ɗaya na ga wasan ya bar fuskarta gaba ɗaya. Ta mai da mini zane a hankali, ta fita tsakar gida, a gaban Baba da Inna da matan maƙwabta ta ce da ƙarfi, "Ba ciki ba ne. Marainanai ne sunka kumbura."

Inna ta rufe fuska da zane ta faɗa madafa. Baba ya ɗaga kai yana duban sama kamar mai neman wata. Wata maƙwabciya ta ce ƙaba ce, a gasa da tsumma mai zafi, wata ta ce a kira wanzami. Kaka ita ma ba ta san sunan ciwon ba, amma ta ce, "Na ga ƙaba, na ga gwaiwa, wagga ba ta jiƙo ba ce. Asibiti, yanzu."

Ba zan iya hawa babur irin na maza ba, sai aka zaunar da ni a karkace kamar yadda Kaka ta zo. Baba ya hau baya ya riƙe gefen rigata da yatsa biyu. Kaka ta tare wani babur ta biyo mu tana ba da umarni.

A asibitin garinmu aka ce sai an yanki kati. Aka kwantar da ni a benci da roba a gabana, don amai ya dawo. Mai yankan kati ya ɗaga biro ya ce, "Sunan yaro?"

Baba ya waiwaya ya dubi Kaka.

Kaka ta gyara gyale ta ce, "Ni? Ina ka taɓa jin mace ta hwaɗi sunan mijinta? Ubanai na nan, shi hwaɗi."

Mai kati ya dube ni, ni kuma kaina na cikin roba. Layi ya fara gunaguni. Baba ya cire hula ya mayar. Ya matsa kusa da tagar har goshinsa na taɓa ƙarfe, ya faɗi sunana a hankali. Mai kati ya ce bai ji ba. Ya sake faɗa, wannan karon har ni na ji. Wallahi duk da azabar da nake ciki sai da na ɗago daga roba don in ga ko da wani yake. Sunan ya fito daga bakinsa sabo fil, kamar rigar da aka daɗe da ɗinkawa ba a taɓa sawa ba. Kaka ta ce, "Ka ga, bakinka bai tsage ba."

Likitan saurayi ne, bai fi ƙarfe uku da 'yan mintoci ba da ya gan mu. Bai yi wata kunya ba, ya ce a sauke wando. Ya duba, ya taɓa a hankali, ya ɗan ɗaga abin ya tambaye ni ko na ji sauƙi, na ce ina, ƙaruwa ma ya yi. Ya ja bayan biro a cikin cinyata ta dama, ɗan wannan gefen ya zabura sama. Ya ja a ta hagu, ko motsi. Ya tambayi ko akwai zazzaɓi ko zafin fitsari, na ce babu, farat ɗaya ya zo. Sai ya sake jefo wata tambaya.

"Tun ƙarfe nawa?"

Na ce tun safe, bayan na fito daga ruwa. Ga asirin wanka ya tonu a banza, ba wanda ma ya kula. Likita ya dubi agogonsa ya ce, "Awa takwas ke nan. Me kuke yi tun safe?"

Kaka ta ce, "Kunya suke yi, likita."

Ya juya ga Baba ya tambayi sana'arsa. Da ya ji albasa ce sai ya ce, "To, Baba, in ka kama wuyan albasa tana cikin ƙasa ka murɗe, ganyen zai ci gaba da shan ruwa?" Baba ya ce a'a, bushewa zai yi. Likita ya ce, "Haka igiyar ɗan nan ta murɗe, jini ba ya wucewa. Ba aljani ba ne, ba kuma laifin wanka ba ne, ko yana barci zai iya faruwa, yara masu tasowa ya fi samu. Ba allura ko ƙwaya da za ta warware shi, sai an buɗe. Kuma ba jiran hoto, ba jiran gobe. Ku tafi birni yanzu, zan buga musu waya su shirya. Kada a ba shi ko ruwa." Ya rubuta takarda, aka yi mini allurar rage zafi. Baba ya tambaya ko za a cece shi. Likita ya ce ba zai yi alkawari ba, lokaci ya ja, amma kowane minti yana da amfani.

Muna fitowa neman mota sai ga Baffa, ya dawo daga Goronyo da lodi zai wuce Sakkwato, labari ya tare shi a tasha. Aka sa Kaka gaba. Ni ba zan iya zama ba, sai aka gyara mini wuri a baya kan buhunan albasa, Baba ya hau tare da ni. Baffa ya taka mota kamar an biyo shi. Kowane rami sai in tashi sama in dawo, in kira sunan Allah. A rami na uku Baba ya daina riƙon yatsa biyu. Ya jawo ni ya ɗora kaina a cinyarsa, ya zagaye ni da hannu ya danne ni a jikinsa don kada in girgiza. Ban taɓa sanin ƙamshin rigarsa ba sai ranar, turaren ɗan goma da gumi. Can na ji ɗigo a kunnena. Na ɗaga ido, ya kau da kai ya ce wa hanya, "Albasar ga da yaji take." Ni ɗan manomin albasa ne, na san wadda ba a yanka ba ba ta sa hawaye, amma na ƙyale shi.

Mun isa birni bayan la'asar. Suna jiranmu kuwa. Aka ba Baba takarda aka yi masa bayani: za su buɗe su warware, in jini ya dawo su ɗinke shi a wurinsa, in ya riga ya mutu dole su cire, kuma ko yaya ta kasance za su ɗaure na daman da zare don kada shi ma wata rana ya juya. Ya dangwala yatsa. Ana tura ni a gado Kaka na biye tana gaya wa nas, "Ku bi min shi a hankali, ban gama morar auren ga ba." Nas ta yi dariya har ta kusa kai ni bango. Aka sa mini wani abu a hanci aka ce in ƙirga, ban kai biyar ba.

Da na dawo hayyacina sosai gari ya waye, ga ƙarin ruwa a hannuna, ga Kaka a gefen gado tana cin naman sunan Rara. Likitan da ya yi aikin ya zo zagaye, ya zauna ya gaya mini da kansa, ba ta bakin kowa ba. Ya ce igiyar ta yi murɗi biyu. Sun warware, sun naɗe ɗan da tsumma mai ɗumi sun jira ko launinsa zai dawo, bai dawo ba, ya riga ya yi baƙi. Sun cire shi. Na daman lafiyarsa ƙalau, sun ɗaure shi, kuma shi kaɗai ya isa in zama namiji in haifi 'ya'ya in Allah ya nufa. Ya ce da mun zo kafin azahar, da wataƙila labarin ya sha bamban.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Shekara goma sha huɗu gare ni, na ɗauka an gama da ni. Kaka ta bari na yi mai isata, sannan ta goge maiƙo a zane ta ce, "To mi? Ni ma haƙora huɗu gare ni, akwai naman da ya gagare ni?" Na fashe da dariya, ɗinki ya ja, na koma kuka, ita kuma ta ci gaba da tauna. Baba yana bakin ƙofar ɗakin, ya ji maganar azahar da kunnensa. Ya juya ya fita. Baffa ya gaya mini daga baya cewa ya same shi a bayan ginin zaune a ƙasa, hula a hannu, ya daɗe bai tashi ba.

Muka koma gida, na warke, Baba ya koma "kai" da "wancan", Inna ta koma magana da randa. Na ɗauka shi ke nan, abin ya wuce bai canja kowa ba. Na girma na yi aure. Ranar sunan ɗana na fari, Kaka, da ta rage saura haƙori biyu, ta sa aka kai ta tsakiyar mata ta ce duk wanda ya ga yaron nan ya gode wa babur ɗin Rara. Ba ta ga na biyu da na uku ba, Allah ya jiƙanta.

Abin da ban zata ba shi ne ni ma kunyar za ta kama ni. Ni da na sha wuyarta, ni da na yi karatu har ina yi wa abokai wa'azin awa shida, sai ga shi ba na iya kiran sunan yaron nan a gaban mutane. Bakina ne kawai yake ƙi.

Bara, yana da shekara goma, wata safiya ya shigo gida a dunƙule yana riƙe da mara, ya wuce ɗaki ya kwanta. Ina tsakar gida ina wanke babur. Baba, da ya tsufa yanzu ba ya zuwa fadama, yana kan tabarma a rana yana jan carbi. Na ji bakina ya buɗe da kansa, na ce wa matata, "Wancan mi yas same shi?"

Carbin ya tsaya. Baba ya kira sunana, cikakke, da ƙarfi, karo na biyu a rayuwata. Ya ce, "Aje tsumman ga. Tashi ka shiga ka duba shi da idonka, kai da kanka. Ka ce ya kwance wando."

Na shiga da gudu hannuna duk kumfa. Na duba, komai na wurinsa, ɗanyen mangwaro ne ya ci guda shida. Na fito ina dariya zan ba da labari, sai na tarar da Baba tsaye a bakin ƙofar, ya taso ba sanda, ya riƙe labulen a ɗage da hannunsa. Na ce masa mangwaro ne, Baba. Ya gyaɗa kai, amma bai saki labulen ba sai da ya leƙa ya ga yaron da kansa.